Bindigar Korar Kaji

Ku yi mini afuwa. Ni karanta na wasu kawai na iya, yau ne na fara karambanin rubuta nawa. In kun ga ya karkace a wani wuri, laifin hannuna ne, ba na mutanen da ke ciki ba.

A garin Roni, a wani gida da ake hango duwatsu daga tsakar gidansa, akwai wata yarinya mai suna Shahida wadda ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. 'Yar fari ce, Inna kuwa Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Gwiwa, kunyarta ta fi ta matan gari kauri. Wasu iyayen sukan ce "ke", ko "yarinyar nan". Inna ko wannan ba ta yi. In tana son Shahida, sai ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefa, ya sauka a kafaɗarta, ita kuma ta kau da kai kamar iska ce ta kawo shi. Shekara goma sha bakwai hannun nan bai taɓa kuskure ba.

Sai hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu ana gab da girbin gero. Da aka sallamo ta daga asibiti a Kazaure, magana ta dawo, amma hannun dama da ƙafar dama suka ƙi. Da safe ƙanne su tafi makaranta, Baba ya tafi ofis, gida ya rage daga Inna a tabarma gindin darbejiya sai Shahida, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako tana ɗinkin hula.

Ita kuwa Shahida akwai tafiya a zaune. Allura na hannunta, hula na kan gwiwarta, amma ita tana can saman duwatsu tana raɗa wa gajimare suna: wannan saniya ce mai ƙaho ɗaya, wancan motar Babura ce da lodi ya yi wa yawa. Wata Talata ta yi irin wannan tafiyar tun hantsi, ba ta dawo ba sai da aka kira azahar. Da ta waiwaya, leɓen Inna ya bushe ya yi fari, kofinta a kife, ga ɓawon gyaɗa har tara warwatse a tsakaninsu. Hannun hagu ne ya jefa su, duk sun faɗi a rabin hanya.

Ta kawo ruwa. Washegari ta jawo kujerarta gab da tabarmar, sai Inna ta juya wa bango fuska, ta ce wa bangon, "Wai mutum ba shi da wajen zama ne sai a kan mutane?" Dole ta mayar da kujerar inda take.

Dabarar ta zo mata ne a kemis ɗin Ashiru, ɗan Gwaggo Fatu, taubashinta. Ta je karɓo maganin Inna ta same shi yana wasa da sirinji, yana tura iska tana cewa fus.

"Ashiru, ba ni irin wannan, sabo, babba, ban da allura."

"Likita za a zama? Ke da ake yi wa fifita in an yanka kaza?"

"Bindiga zan yi."

"Innalillahi! To a bari na yi aure tukuna."

"Wa za ta aure ka da wannan kan kamar goruba? Miƙo."

A bayan ɗaki ta yi aikin, inda take iya leƙen Inna ta kusurwa. Ta gasa wuƙa ta yanke bakin sirinjin, ta cusa guntun bututun roba mai tsawon ɗan yatsa, ta naɗe mahaɗar da zaren hula har iska ta daina fita. Ta ɗaura robobin ɗaurin gashi guda huɗu, yadda in an ja sandar sirinjin baya za su fizgo ta gaba. Kunama kuwa abin maƙale shanya ta sa: ya riƙe sandar, in an danna ya saki. Gaba ɗaya abin bai cika tafin hannu ba.

Harsashin ne ya ba ta wuya. Na soson tsohuwar katifa ya fito ya yi lilo ya faɗi a gabanta kamar fure. Na silifas ya tafi har katanga, amma da ta gwada a kumatunta sai da ta yi hawaye. Daga baya ta farke maratayar tsohuwar jakarta ta makaranta, ta sami wani jan soso mai ɗan tauri a ciki. Ta yanka shi tsawon gaɓar yatsa, ta murza da almakashi har ya yi sumul. Wannan ya tashi ya haye igiyar shanya a hankali, kamar yana da inda za shi.

Sai ta tuna hannu ɗaya ne zai yi aikin. Ta soke hannunta na dama cikin zani, ta gwada ɗanawa da hagu, ta kasa. Ta zauna tana kallon ƙafafunta har inuwa ta matsa. Can ta ɗaura madaukin igiya a gindin sandar: a saƙala a babban yatsan ƙafa, a ja da hannu, ƙas, ta ɗanu.

Saura miƙawa. Ita ba za ta iya ba, Inna kuma ba za ta karɓa ba. Ta je ta durƙusa gaban Gwaggo Fatu, yayar Baba, wadda ake jin muryarta tun daga bakin layi.

"Gwaggo, ki ba ta. Ki ce don kaji ne."

"Don kaji." Gwaggo ta juya abin a hannunta, ta dubi yarinyar, ta daɗe. "To. Ai kuwa kajin gidanku ba su da kunya."

Da yamma Gwaggo ta shigo tana faɗa, ta tsaya kan Inna. "Sa'adiyya, ga maganin kajin nan masu shigar miki shanya. Ki saƙala nan, ki ja nan, ki danna nan."

"Wannan ai wasan yara ne, Yaya," in ji Inna. Amma ta tura shi ƙarƙashin gefen zaninta.

Kwana biyu shiru. A na uku Shahida ta ji fus, jar kaza ta yi tsalle ta bar tiren kuɓewa. Daga nan kullum sai an harba. Inna ta sami kaza, ta sami turmi, ta sami buta, wata rana ma ta sami hular Baba a kan igiya. In Shahida na shara sai ta tsince sosunan ta zuba a ƙaramin kwano, ta aje gefen tabarma ta wuce. Ita dai ba a taɓa harbinta ba. Takan zauna ta ba da baya da gangan, ƙeyarta na ƙaiƙayi, ta kasa ɗinki, ta kasa kallon sama. Duk rabin awa ta tashi ta duba kofi da kanta.

Ran Juma'a mata suka zo dubiya daga Kanya Babba, tsakar gida ya cika da gaisuwa da ƙamshin turare. Shahida ta gama zuba musu kunu ta koma can bakin madafa. Ganin akwai mutane kusa da Inna, sai ta saki jiki. Wani gajimare ya taso daga bayan dutse, dogo, kamar mace ɗauke da ƙwarya, ta bi shi, ta yi nisa, har ta fara jin ƙarar akayau ɗin ƙafarsa.

Wani abu mai laushi ya taɓa ta a bayan kunne. Ta ɗauka matar gajimaren ce ta shafa ta da gefen mayafi. Sai ta ga jan soso a cinyarta.

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Sa'adiyya, ina kazar?"

"Ta haura katanga," in ji Gwaggo Fatu. "Ni na gan ta da idona, wata mai dogon wuya."

Inna tana kallon bango.

Shahida ta tashi ta je ta durƙusa gefen tabarmar. Kofi a cike yake. Matashi yana daidai, inuwa ba ta gusa ba, lokacin magani bai yi ba. Ta duba ta sake dubawa, ba ta ga abin da ake bukata ba. Ta ɗan gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same shi.

Hira ta koma kan wata amarya da aka kai Yankwashi. Shahida ta dunƙule soson a hannunta, ta miƙe a hankali, ta bi ta bayan randa ta sulale, tun kafin wani ya kalli fuskarta.