Wata Ukun Makoki

Da Kelepi ya lura da yadda matar da ke bayan kantar karɓar marasa lafiya a asibitin ta daina murmushi tana duban na'urarta, da tun a lokacin ya gane cewa ranar ba za ta ƙare masa da daɗi ba. Amma hankalinsa yana can kan sikelin da aka ɗora shi ɗazu. A karo na farko cikin shekaru masu yawa nauyinsa ya ja baya, har ma'aikaciyar jinya ta dafa masa kafaɗa ta ce haka likita yake so. Ranar Litinin za a yi masa aikin rage tumbi. Yau Alhamis, ya zo ne kawai a auna shi, a ɗebi jini, ya sa hannu.

Matar ta sake tambayar ranar haihuwarsa, ta sake dannawa. Sannan ta sassauta murya, ta ce kamfanin inshorarsa bai amince da aikin ba, wai shekarar jira ba ta cika ba.

"Ta cika mana," in ji matarsa Losaline, wadda ke riƙe da jakar magungunansa. "Tun watan jiya ta cika. Ki sake dubawa, 'yar'uwa, wataƙila wani Kelepin ne. Muna da su da yawa a unguwarmu."

Matar ta juyo musu da fuskar na'urar. Sunansa ne, adireshinsu ne na unguwar Mount Druitt a Sydney. Ta ce ita ba ta ganin dalili daga nan, sai dai su kira kamfanin da kansu.

Suka fito wurin ajiye motoci. Rana ta fara zafi, kujerar motar ta ɗau ɗumi. Kelepi ya tura ta baya har ƙarshe kamar kullum, ya kira kamfanin, ya ɗora wayar a kan cikinsa, kiɗan jira yana ta maimaita kansa. Losaline ta ce tabbas kuskure ne, irin wanda aka yi wa ƙanwarta lokacin haihuwa. Ta ce in aka ɗauka ya bar ta ta yi magana, domin shi da ya ji muryar Baturiya sai ya hau ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Kelepi ya jingina kansa da kujera. Mako biyu ke nan ba ya cin komai sai wani gari da ake kaɗawa da ruwa, mai ɗanɗanon alli, da ɗan dafaffen kabeji da yamma, don hanta ta sace kafin a shiga aikin. Kansa yana masa nauyi, bakinsa yana ɗaci. Ba da wasa ya kai ga wannan shawarar ba. Shekara da shekaru likitan unguwa yana yi masa maganar aikin yana kauda kai, ga ciwon suga, ga hawan jini, ga numfashin da ke ɗauke masa cikin barci. Sai wata safiya, yana tuƙa bas cike da 'yan makaranta, barci ya sace shi a gaban jar fitila. Ƙahon motar baya ne ya farkar da shi. Ba wanda ya lura a cikin bas ɗin, amma da ya isa tasha sai da ya daɗe a zaune kafin ya sauka. A satin ya koma tsarin inshora mafi tsada, wanda shi kaɗai yake ɗaukar irin wannan aikin, ya fara jiran shekara guda da doka ta ce a jira.

Likitan da ke sa hannu a lasisin direbobi kuwa ya gaya masa gaskiya a ganinsu na ƙarshe. Ya ce ya ɗaga masa ƙafa ne saboda an sa ranar aiki. In ya dawo a watan Nuwamba sugan yana nan yadda yake, ba zai iya sa hannu ba. Kelepi bai iya wani aiki ba bayan tuƙi, kuma autansu ko firamare bai gama ba.

Kiɗan ya yanke. Wata mata mai suna Doreen ta gaishe su, ta yi tambayoyinta, ta duba na'urarta. Sannan ta ce ta gano. A farkon shekara an dakatar da inshorar na wata uku saboda tafiya ƙasar waje, kuma watannin da aka dakatar ba sa shiga lissafin jira.

"Ba mu dakatar da komai ba," in ji Losaline.

"Mai asusun ne ya kira da kansa," in ji Doreen a hankali. "Ya ce mahaifiyarsa ta rasu."

Losaline ta juyo ta dube shi. Kelepi ya zuba wa sitiyari ido.

Haka aka yi. Da mahaifiyarsa ta rasu a Vava'u, duk suka tafi Tonga. Losaline da yara suka dawo bayan an binne, saboda makaranta da aikinta na gidan kula da tsofaffi. Shi kuwa tun kafin su tafi yayarsa Meliame ta ce ba zai dawo ba sai an gyara kabari an sassauta makoki, tunda shi kaɗai ne namiji. Maganar yaya mace ba abin musu ba ce. Kafin ya tashi daga Sydney, abokin aikinsa Tui ya ce masa duk wanda zai daɗe a gida dakatar da inshora yake yi, don me za ka riƙa biyan asibitin Sydney kana kwance a ƙauyenku? Kelepi ya ga ya samu dabara. Abin da ya rage ya zuba shi a hidimar makoki, ya ji daɗi da ba a ce ɗan da ke Ostareliya ya zo hannu biyu ba. Da ya dawo ya kira aka ci gaba, bai ƙara tunawa ba. Doreen ta ce an karanta masa sharaɗin a waya a ranar. Bai musa ba. A ranar ko sunansa aka tambaye shi sai ya yi tunani.

Losaline ta roƙa. Ta ce za su biya watannin yanzu, a haɗa da tara in akwai. Doreen ta ce ba a sayen watannin da suka wuce, sai dai a jira su. Ta ce ta yi musu baƙin ciki ƙwarai, kuma da jin muryarta gaskiya take faɗa. Jiran zai cika ana gab da Kirsimeti.

Suka kira ofishin likitan tiyata. Sakatariyarsa ta ce daga tsakiyar Disamba likita ba ya aiki sai an gama hutun ƙarshen shekara, gurbi na farko sai Fabrairu. Ta ce wasu kan nemi a ba su daga asusun fansho su biya da kansu, amma wannan sai an haɗa takardun likitoci biyu an jira makonni, ba zai yiwu kafin Litinin ba. Ta tambaya ko ta ba wani gurbin. Kelepi ya ce ta bayar.

Da ya kashe wayar sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, abin da ya kwana biyu yana danne shi. Ba za a kwantar da shi a yanka ranar Litinin ba. Daɗin da ya ji ya ba shi kunya, har ya kasa duban matarsa.

"Ko ka gaya mini, Lepi," ta ce. "Ni da na tambaya."

"Na ɗauka wayo na yi."

"Wayon Tui. Mutumin da ya sayi jirgin ruwa ba inji."

Da suka iso gida ta ga motoci sun cika ciyawar ƙofar gida, sai ta ja dogon numfashi. Sun manta da taron addu'a. Meliame ta taso tun daga Auckland don a yi wa ƙaninta addu'a kafin aikin, ita ce kuma ta sa aka gayyaci fasto da dangi. Ƙanshin gasasshen alade ya tarye su tun daga bakin titi.

Kelepi ya zagaya ta baya ya shiga ɗaki, ya ɗaura zane, ya naɗa tabarmar ƙugu ta girmamawa irin ta mutanen Tonga, domin ba zai bayyana gaban yayarsa da gajeren wando ba. Ya leƙa falo ya gaishe ta daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Tana zaune a kujera mafi kyau, har yanzu cikin baƙaƙen kaya. Ta tambaye shi hanya, ya ce lafiya. Ba ta tambayi asibiti ba, shi ma bai ɗauko ba. Tsakanin mace da ɗan'uwanta ba a maganar jiki. Tun da aka fara zancen aikin nan, duk abin da take son faɗa ta bakin Losaline yake zuwa, kuma abin da ya zo bai wuce ɗaya ba: mazan gidansu masu girman jiki ne tun kakanni, ba ta ga abin da za a yanke wa mutumin da yake tafiya da ƙafarsa ba. Kelepi bai taɓa aika amsa ba. Da zai aika, da ya tuna mata cewa mahaifinsu bai kai sittin ba, kuma da ƙafa ɗaya aka binne shi.

Maza suna gareji a kan kujerun roba. Da ya shigo Tui ya miƙe ya sara masa, ya ce a ba ango wuri, daga Litinin sai dai su gan shi a bakin teku da matsattsen wando yana tseren keke da Turawa. Wani ya ce a roƙi likita ya ajiye abin da ya yanke, a aika wa Tui, ko ya yi ƙiba matarsa ta daina cewa ba ya cin girkinta. Aka yi dariya. Kelepi ya zauna, ya ce an ɗaga aikin. Da suka tambayi dalili ya faɗa a taƙaice, bai ambaci sunan kowa ba. Tui ya daina dariya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tashi ya ce bari ya duba wuta, ko da yake an daɗe da sauke naman.

An yi addu'ar duk da haka. Losaline ta riga ta raɗa wa Meliame a kicin, Meliame ta gaya wa fasto, fasto ya juya addu'ar ta koma godiya, ya ce Ubangiji ya san lokacin da ya dace. Aka rera waƙa biyu. Kelepi yana tsaye a baya yana motsa baki.

Sannan aka buɗe abinci. Doya da rogo da dankali, ɗanyen kifi a madarar kwakwa, ganyen gwaza da aka naɗe naman gwangwani a ciki, ga aladen a tsakiya fatarsa ta yi ja. Babbar 'yarsa Fipe, wadda ita ke haɗa masa garin asibiti kullum, ta shiga kicin ta kaɗo masa kofinsa. Tana fitowa ta tarar goggonta ta tashi da kanta, abin da ba ta saba yi ba, tana cika faranti. Meliame ta zaɓi gefen haƙarƙari, ta ɗora fata, ta ƙara ƙunshin gwaza biyu. Ta taka har inda ƙaninta yake zaune ta ajiye a gabansa.

"Ka rame," ta ce. "Tunda an fasa, ci."

"Goggo," in ji Fipe da ƙaramar murya, "ba fasawa aka yi ba. Likita ya ce ko an ɗaga..."

Meliame ta juya ta dube ta, ba da faɗa ba. 'Yar ƙani ba ta mayar wa goggo magana, Fipe ta sani, ko da yake a Sydney aka haife ta. Ta sunkuyar da kai, kofin yana hannunta. Losaline ta kama goge teburin da ba abin da ya zuba a kai.

Kelepi ya dubi farantin. Ya san abin da zai yi wa jininsa. Ya san kuma ba a taɓa ganin namiji a danginsu ya ture abincin da yayarsa ta ɗauko da hannunta a gaban mutane ba. Ya ce a ransa loma ɗaya zai yi don girmamawa. Ya gutsuri fatar, ta fashe a bakinsa, kitse da gishiri suka cika masa harshe, idanunsa suka kawo ruwa. Meliame tana tsaye sai da ta ga ya kai loma ta uku, sannan ta koma kujerarta. Bayan ta tafi ma bai tsaya ba. Ya cinye tas, ya suɗe ganyen.

Da yamma, baƙi sun fara watsewa, ya fita yana nuna wa masu motoci yadda za su fita ba su taka bututun ruwa ba. Cikinsa ya yi nauyi, barci yana jan idonsa. Fipe ta fito ta tsaya kusa da shi.

"Baba, Goggo sai bayan Kirsimeti za ta koma. Ta ce tunda ta zo."

"Na ji."

"Fabrairun za ka je?"

"Zan je," ya ce, yana ɗaga wa motar fasto hannu.

Ta koma ciki taya wanke-wanke. Gobe da sassafe zai kira tasha ya ce a soke hutun jinyar da ya ɗauka, a mayar da shi layinsa. Ko likitan lasisi zai yarda ya sake ɗaga masa ƙafa a Nuwamba, bai sani ba. Bai kuma sani ba ko in Fabrairu ta zo zai iya sake tara ƙarfin halin da ya kai shi asibiti da safiyar yau.