Ganyen da Bai Bushe Ba

Shekara ashirin da shida Hulda tana rubuta littattafan bincike a Kafanchan, a kan teburin da take yanka kuɓewa. Littafi tara, jarumi ɗaya: Dalhatu, tsohon manomin citta mai kama ɓarayi da ido kawai. Kowa a unguwa ya san Dalhatun nan mijinta ne Nelson aka sauya wa suna. Shi ma ya sani, amma har ya rasu yana musu.

Sai ga Meshak, wani mai zane daga Kaduna, yana so ya mayar da littafinta na uku labarin hotuna. Ta yarda. Bayan wata biyu ya dawo ya baza mata shafuka, yana ta murmushi. Ta ga Dalhatunta da ƙirji kamar ɗan dambe, ga wani aljani mai fukafukai a kafaɗarsa yana raɗa masa inda aka binne ƙararrawar cocin da aka sace.

Ranta ya ɓaci sosai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana dattijon ikilisiya, yau jikokinsa za su buɗe littafi su tarar da shi boka.

"Mama, yara yanzu sai da majik," in ji Meshak. "In jarumi ba shi da fawa ta sihiri, ba za su karanta komik ba."

"Ɗana, ka taɓa shuka citta?"

Bai taɓa ba. Shi a shayi kawai ya san ta.

Washegari ta sa shi a mota sai Madakiya, gonar marigayin. Farkon damina ne, an gama shuka, an lulluɓe kunyoyi da ganye yadda aka saba, don kada rana ta ƙone iri. Hulda ta sa an yanko ɗanyen ganye an rufe gefe guda ba tare da Meshak ya gani ba, sannan ta tsaya ta naɗe hannu.

"To, nemo min ƙararrawa."

Meshak ya yi ta zagaye da fararen takalmansa, har suka koma jajaye. Bai ga komai ba. Ita kuwa ta je ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta karkata kai, ta ɗora tafin hannu a kan ganyen.

"Duk gonar an rufe ta sati uku, ganyen ya bushe. Nan kaɗai kore. Wanda ya tona, dole ya sake rufewa da sabo. Abin da Dalhatu ya gani ke nan, babu wanda ya raɗa masa."

Meshak ya ciro ɗan littafinsa, ya yi ta zane.

Bai cire aljanin ba, don shi ma taurin kai gare shi. Amma da sababbin shafukan suka iso, aljanin na can sama yana nuna bakin rafi, ya ɓata hanya. A ƙasa ga wani siririn tsoho a kan gwiwa ɗaya, kai a karkace, hannu a kan koren ganye.

Hulda ta daɗe tana kallo. Kewa ta kama ta har sai da ta zauna. Ta ɗauki waya.

"Meshak, a ina ka taɓa ganin mijina? Haka yake durƙusawa, sak."

"Ban taɓa ganinsa ba, Mama," ya ce. "Ke na zana."