Wainar Adama

Ni fa da hannuna na ƙona takardun, ba wanda ya sa ni. Gara in faɗa tun yanzu.

A 1996 ne, lokacin soja, ina aiki a wani ofishin gona a Ikara. Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, ni kaɗai na iya ta, kaina kuwa ya kumbura ba kaɗan ba. Mamata, Selina, tana Gazara. Tun da ta koyi boko a ajin matan coci take rubuta duk girkin da aka koya mata, a bayan ambulan, a yagaggen littafi, har a takardar buhun siminti, tana tarawa a tsohon gwangwanin biskit. Da hawan jini ya taɓa ta, mantuwa ta fara kama ta. Sai na ce ta ba ni gwangwanin in zuba mata komai a na'ura.

"Za ka dawo mini da su?" ta tambaye ni.

"Haba Mama, cinye su zan yi?"

Wata biyu ina tsara abin, duk sa'ad da aka kawo wuta. Na yi gurbin sunan abinci, gurbin kayan haɗi, gurbin yadda ake yi. Ka buga "miya", duk miyoyi su jeru. Abin gwanin sha'awa, har manaja ya leƙo ya yaba.

Matsalar ita ce Mama ba da sunan abinci take ajiya ba, da sunan mutane take yi. Dambun Judith, miyar Rahmatu ta Paki, wainar Adama. Waina kaɗai kala huɗu! Ni kuma na tsara na'urar ta ƙi karɓar suna ɗaya sau biyu, don kada a yi maimaici. Gyaran ba zai ci mini yini ɗaya ba, amma na ce waina ai waina ce. Na tsinci nan, na tsinci can, na haɗa guda ɗaya mai tsabta, na watsar da sunayen matan. Da kananzir ya ɓace a gari, aka koma murhun gawayi, takardun nan na riƙa yaga ina hura wuta. Ai komai yana cikin faifai, in ji ni mai wayo.

Adama maƙwabciyarmu ce, Musulma, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin suna miƙa wa juna kwano da Mama ta saman katangar nan. Da damina Adama ta rasu. Na iso Gazara washegari, na tarar da Mama zaune kusa da tanda, ta wanke ta tas.

"Jibi sadakar uku," ta ce. "Wainarta zan yi musu, irin tata ta gero. Na zauna tun safe ina tunani, abin ya ƙi zuwa. Akwai abin da take sa wa ƙullin kafin ya kwana. Yunana, je ka ɗauko mini takardar."

Na tuna takardar sarai, shuɗiya ce, da maiƙo a gefe. Abin da ke cikinta ne ban tuna ba.

Na hau mota na koma Ikara, shingen soja biyu a hanya, ina ta tsara yadda zan faɗa mata gaskiya. Da na zauna gaban kwamfutar sai tsoro ya ci ƙarfina. Na buɗe wainar da na haɗa, na rubuta "Wainar Adama" a samanta da manyan baƙaƙe, na buga a farar takarda.

Da na dawo Gazara na karanta wa Mama, ta bi tiryan-tiryan. Da ta ɗanɗana ta farko ta daɗe tana juya ta a baki.

"Bakina ne ya lalace," ta ce. "Ciwon nan ya kashe mini harshe."

Kanta ta zarga, ba ni ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka kai wainar gidan makoki. Bayan an shafa addu'a, Zulaihatu, autar Adama, ta biyo mu har zaure. A Kaduna ta tashi wurin gwaggonta, ba ta taɓa zama ta koyi girkin uwarta ba. Ta durƙusa gaban Mama, idonta jajir.

"Mama Selina, an ce a rubuce kike da wainar mahaifiyata?"

Mama ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar. "Yayanki ne ya adana mana. Ba don shi ba da ta tafi da ita. Riƙe, ke kika fi dacewa da ita."

Zulaihatu ta karɓa hannu bibbiyu. Ta shafa sunan uwarta da yatsa, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya Yunana, Allah ya saka maka da alheri. 'Ya'yana za su ci abincin kakarsu."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Mama tana kallona da alfahari, abin da rabona da gani a fuskarta tun kafin ciwon.

"Amin," na ce.