Amshin Veturia

Ilarie Dunca bai taɓa yin suna ba, ko da yake a garinmu Cavnic babu wanda bai san shi ba. Ni ne mai gogensa tun muna samari. Ranakun aiki muna cikin ramin haƙar ma'adinai, ran Lahadi mu hau dandamali a zauren ma'aikata. Shi yake tsara waƙoƙin. Yakan ɗauko karin da kakanninmu ke rerawa wajen yankan ciyawa, ya ɗora masa jita mai lantarki da ganguna. Tsofaffi suka ce ya ɓata waƙar gargajiya, samari suka ce tsohon yayi yake yi. Matarsa Veturia ce ke masa amshi, kuma duk waƙar da ya yi, da muryarta a kunnensa ya yi ta: ya ba da baiti, ya ja da baya, ita kuma ta karɓa.

Faifai ɗaya muka taɓa yi, a Bucharest, zamanin tsohuwar gwamnati. Waƙar da ya fi so, wadda ya yi wa ƙaninsa da rami ya rufta da shi, aka cire ta, wai a ƙasarmu rami ba ya ruftawa. Sauran an sa su a rediyo na ɗan lokaci, sannan aka manta.

Da gwamnatin ta faɗi muka ce lokacinmu ya zo. Sai kiɗan waje ya cika ko'ina, mai gangarmu ya tafi Jamus aikin gini, daga baya aka rufe ramukan gaba ɗaya. Veturia ta bi sahun matan garin zuwa Italiya, ta sami aikin jinyar wata tsohuwa a Padova. Ni na raka su tasha.

"Kafin in dawo ka gyara rufin nan," ta ce wa Ilarie. "Kuma kada in ji ka ba wata amshina."

"Wa zai iya? Duk garin nan ke kaɗai ce ke faɗowa cikin waƙa kafin a kira ki."

"Ai kai ne kake jan baiti kamar mai jan saniya zuwa kasuwa."

Bai daina tsara waƙa ba. Duk wadda ya gama sai ya rera mata ta waya, ta koyi amshin, su yi ta gardama a kan kalma ɗaya har layin ya yanke. Waɗannan waƙoƙi daga ni sai ita muka san su. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, tana zuwa hutu da rani ta koma. Ashe akwai ciwon da take ɓoyewa. Da kaka aka kawo gawarta a mota.

Ilarie ya rataye jitarsa. In na yi masa magana sai ya ce, "Anghel, rabin waƙa zan rera wa mutane?"

Na daɗe ina fama da shi kafin ya yarda ya hau dandamali a bikin gari na watan Agusta, lokacin da waɗanda ke ƙasashen waje suke dawowa gida. Aka ba mu bayan azahar, rana tana dukan kai, mutane sun fi mai da hankali ga masu gasa nama. Ya ce sababbin waƙoƙin zai yi, waɗanda ya yi mata ta waya.

Ya ba da baitin farko, ya ja da baya kamar yadda ya saba. Babu mai karɓa. Na cike gurbin da goge. Haka muka lallaɓa waƙar farko.

A ta biyu, da ya ja da baya, sai wata murya ta taso daga can wajen bencin 'yan kallo ta karɓi amshin. Wata ta bi ta, sai ga mata da yawa, duk baƙin fuska, suna rerawa baiti bayan baiti ba tare da tuntuɓe ba. Ilarie ya tsaya da baki buɗe. Ya yi ƙoƙarin ci gaba, ya kasa. Ya ajiye jitar ya sauka.

Wadda ta fara, wata mai furfura daga garin Borsha, ta zo ta same mu. Sunanta Dochia, ita ma jinya take yi a Padova.

"Baba Ilarie, ka yi haƙuri, bakinmu ne ya suɓuce," in ji ta. "Ran Lahadi, in an sallame mu, a wani lambu bayan coci muke taruwa. Veturia ce ta koya mana. Yanzu har waɗanda ba su taɓa ganinta ba suna rerawa."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta ce in ka ji, kanka zai kumbura."

Sai ya ce, "Amma a baiti na uku kun ce 'ƙofa'. Ni 'taga' na sa."

"Ta ce naka bai zauna ba."

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Dochia ta zaunar da shi a inuwa, ya dinga jero mata tambayoyi: ko Veturia tana cin abinci, ko gidan da take akwai sanyi, yaushe suka lura ta fara ramewa. Ta amsa masa duka, ba ta sassauta komai ba.

Bai sake hawa dandamali ba. Ya rasu kafin ƙanƙara ta narke a kan duwatsu. Na aika wa Dochia saƙo, amma lokacin duk sun koma bakin aiki, babu wadda aka bari ta zo. Mu kaɗan ne a maƙabarta, da firist ya gama addu'a na ja musu goge, yatsuna suna daskarewa.