Tela Mai Fil a Baki

Maigidana tela ne, kuma tun da na aure shi ban taɓa ganin bakinsa ba fil a ciki ba. Yana auna mutum, fil uku huɗu na maƙale a leɓensa, sai dai ka ji "mm" ko "mm-mm". Haka yaranmu suka tashi suna amsa wa masu kawo ɗinki a madadinsa. Babbar 'yarmu ta fi kowa ƙwarewa, har muka sa mata suna Lauya.

To, sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi aiki aka cire, muka gode wa Allah, aka ce mu dawo a tsara maganin da zai hana ciwon komowa. Muka cika ofishin likita, ni da shi da Lauya da ƙaninta. Kujera biyu ce kawai, Lauya ta haye wadda ke kusa da tebur.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ce hanya biyu ce. Akwai ƙwayoyi kaɗai. Akwai kuma ƙwayoyin haɗe da ƙarin ruwa, wanda ya ɗan fi ƙarfi, amma yakan kashe kan yatsu, mutum ya daina jin abin da ya taɓa. Wani ya warware, wani ya zauna da shi.

"Mai ƙarfin za a yi," in ji Lauya. "Yatsu ai ba komai ba ne."

"Baba, kai me ka gani?" in ji likita.

"Ya yarda," in ji Lauya.

Raina ya ɓaci, amma dariya ta kusa ƙwace min, don bawan Allahn nan ya tsuke baki kamar fil ɗin na nan. Ni kuwa na ga hannunsa a kan gwiwa, babban yatsa yana murza manuni. Tsoro ne ya cika shi, na sani.

Likita ta juya kujerarta ta fuskance shi, tana jiran amsarsa. Lauya ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

"Likita," ya ce a hankali, "ina son rai. Amma in ban ji zare a yatsana ba, zaman me zan yi a shago? Ba a iya farawa da mai ƙarfin, in abin ya taɓa yatsu a tsaya?"

"Ana iyawa mana. Sai dai ka riƙa gaya min gaskiya da wuri."

"Ni ban iya dogon bayani ba. Zan zo da allurar ɗinki. Duk zuwa in zura zare a gabanki. Ranar da na kasa, mu sake shawara."

Ta yi dariya ta ce ta yarda, amma ita ma za ta yi nata gwajin.

Haka aka yi ta yi. Kafin a ɗaura ruwa sai ya zaro allura daga aljihu, ya lashi zare, ya zura, ya ɗaga sama. Ma'aikatan jinya har leƙowa suke yi suna tafa masa, shi kuma yana wani fankama.

Ran nan zare ya ƙi shiga. Ya sake, allurar ta suɓuce ta faɗi, bai ma ji fitarta ba. Lauya ta ja numfashi za ta yi magana, sai ta dube shi, ta haɗiye abarta.

"A tsayar da ruwan nan, Likita," ya ce. "Ƙwayoyin zan ci gaba da sha, ko ɗaya ba zan tsallake ba."

Likita ta sake faɗa masa abin da zai samu da abin da zai rasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, yana nan kan bakansa. A hanya Lauya ta yi kuka, shi ya riƙa lallashinta.

Yatsun sun daɗe kafin su dawo, na dama ma har yanzu da saura. Amma ya koma kan keken ɗinkinsa. Jiya wata mata ta kawo yadi, ta tambaya yaushe za ta zo karɓa. Lauya na zaune a shagon, ta naɗe hannu, ko tari ba ta yi ba. Matar ta dube ta, ta dube ni.

Maigida ya zare fil ɗin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a hannun rigarsa.

"Ni za ki tambaya, baiwar Allah," ya ce. "Dawo jibi."