Sanda a Kan Kujera

Jirgi biyu ne za su tashi daga Yamai ranar Laraba. Ɗaya na masu umra ne, kai tsaye zuwa Jidda. Ɗayan sai ya sauka Adis Ababa a canza jirgi. Ni da ƙanena Mas'udu muka ce Baba ya shiga na farko, domin yayansa, Baffa Bello, yana kwance a asibiti a Jidda, har an ce a kira 'yan uwa. Tun kafin a haife ni rabonsu da ganin juna.

Amma wa ya isa ya juya Baba, Malam Manzo na Baudeta, idan ya kafe?

"Jirgin da bai tsayawa mutum ya sa goshi ƙasa, ban shiga," in ji shi. "Ko motar Yamai tana tsayawa Ƙonni a yi salla."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce don na je lakkol na yi boko ban zama uwarsa ba. Haushi ya cika ni, amma muka saya masa biye, wato tikiti, na mai tsayawa. Ni na shirya masa jaka, har da ƙullin garin gero na gonar gado, wanda Baffa ya roƙa a kawo masa ya sha kunu.

Ranar Laraba ina gidana a Tasawa ina wanki, waya ta yi ƙara. Baba ne daga filin jirgin Adis Ababa, muryarsa tana rawa. Ban taɓa jin ta haka ba.

"Hamida, sun ɗauke mini jaka."

"Su wa, Baba?"

"Masu kaki. Na aje ta bisa kujera, na ɗora sanda na kama wuri, na tahi alwala. Na dawo na iske sun zagaye wurin da igiya, sun kori mutane, har da kare."

Na saki wankin. A tashar Tasawa haka ake yi: ka ajiye sanda ko hula a kan kujera, kowa ya san da mai wuri, direba ma sai ya danna ham ya jira ka. A filin jirgi kuwa jakar da ba mai ita abin tsoro ce. Paspor ɗinsa da biye suna cikinta. Ta bayansa na ji lasifika tana kiran Jidda.

"Baba, miƙa wa mai kakin waya."

"Bai jin Hausa, ɗiyata."

"Miƙa masa dai."

Na yi Faransanci, mutumin ya amsa da Ingilishi. Muka yi ta dukan ruwa. Ana cikin haka wani kira ya shigo, Zahra'u ce, 'yar Baffa, daga Jidda. Na katse. Ta sake kira, na sake katsewa.

Daga baya aka samo wata ma'aikaciya mai ɗan Faransanci. Ta ce an kai jakar ɗakin bincike, kuma an ga wani farin gari a ƙulle. Ta ce an fara shiga jirgin Jidda, idan aka rufe ƙofa sai na gobe.

"Madam, gero ne," na ce. "Abinci ne. Yayansa ba shi da lafiya, shi zai kai wa. Don Allah ki taimake shi."

Ta ce za ta gwada. Sai rezo ya ɗauke, waya ta katse.

Na fita tsakar gida, na hau turmi ina ɗaga waya sama, kumfar sabulu tana gangarowa hannuna. Na kira, ba ta shiga ba. Na sake. A raina ina ta yi wa Baba faɗan da ba zan iya yi masa a gabansa ba: da na umra ya shiga, da yanzu yana bakin gadon Baffa.

Da rezo ya dawo, saƙon murya na Zahra'u ne ya fara shigowa. Na san bai kamata in buɗe ba a lokacin, amma na buɗe. Gajere ne. Ta ce Baffa ya cika bayan azahar, yana tambaya ko Manzo ya sauka.

Na zauna a kan turmin. Ban ma samu yin kuka ba, waya ta sake ƙara.

Baba ne yana haki, ina jin takalminsa yana jan ƙasa.

"Sun ba ni jaka. Sanda ce sunka riƙe, sai su ci. Ga ni ga ƙohwar, wata yarinya tana ɗaga mini hannu."

"Yi sauri, Baba."

Na ji hayaniya, na ji ƙarar wata na'ura, sannan ya sauke numfashi.

"Na shiga. Kin gani ko? Na ce miki suna jiran mai salla." Har da 'yar dariya. "Garin ma na nan, ba su zubar ba. Ki kira Zahra'u, ki ce ma Yaya ya ƙara haƙuri kaɗan, ga kununshi nan tahe."

Sa'o'i ne a gabansa a sama, shi kaɗai, ba mai jin harshensa, ba ko sandar da zai dogara. Na goge hannuna a zane.

"To, Baba," na ce. "Allah shi sauke ka lahiya."