Tsoron da Aka Cire wa Dawuda

Tayar wani babur ce ta fashe a bakin layi, amma kafin ƙarar ta lafa Dawuda ya riga ya kife a ƙasa, hannuwansa biyu a ƙeya. Kwanon kununsa ya tuntsure. Maƙwabta a unguwar Djamboutou ta Garwa suka leƙo, suka ga shi ne, suka koma harkokinsu. Matarsa Hindu ta durƙusa kusa da shi ba ta taɓa shi ba, don ta gane taɓawa ƙara firgita shi take yi.

Tun damina haka yake. Shi ke tuƙa babbar motar kaya, kamiyon yayansa, Alhaji Hamadu, yana kai kaya daga Garwa zuwa Tuboro. A wannan hanya 'yan fashin daji da ake kira zargina suka tare su, suka kwantar da kowa rubda-ciki. Abokin tuƙinsa Zacharie ya ɗaga kai, suka harbe shi. Dawuda ya wuni kwance, kafaɗarsa na jingine da ta gawar. Daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba.

An sha rubutu, an yi hayaƙi. Da motar ta daɗe a gareji, Alhaji ya zo da kansa.

"Akwai wata likita da ta dawo daga waje, an ce tana cire tsoro. Shirya mu je."

"To, Yaya."

*

Hausar Dokta Béatrice ta kasuwa ce, tana cikata da Fulatanci da Faransanci, amma sun fahimta.

"Duk sa'ad da mutum ya tuno abu, abin yakan yi laushi na ɗan lokaci kafin ya sake daskarewa a ƙwaƙwalwa. Za ka sha wannan ƙwaya, sannan ka ba ni labarin ranar tun daga farko. Ba mantawa za ka yi ba, tsoron muke fata ya ragu. Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba."

"Yaushe zai iya tuƙi?" in ji Alhaji.

"Ban ce zai yi tuƙi ba, Alhaji. Barci nake so ya samu."

A zaman farko Dawuda bai kai tsakiyar labarin ba ya yi amai. Ya koma mako na gaba, da na gabansa. Sannu a hankali ya iya faɗin warin gas da ya malale a kwalta, da tururuwar da ta yi ta bin kunnen Zacharie, muryarsa ba ta rawa. Komai yana nan, sai dai ya yi nisa, kamar wani ne ya ba shi labarin.

Ya fara barci. Ya fara cinye tuwonsa. Ranar kasuwar Pitowa har ya je ya sayo wa Hindu tabarma, ya dawo yana ba ta labarin tsadar albasa. Ta toya waina ta raba sadaka.

*

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya shigo, ya ajiye makullin mota a gefen shimfiɗa.

"Litinin akwai lodin siminti."

Hindu ta yi magana daga bayan labule. "Yaya Alhaji, makon jiya ma an tare motar auduga a wajen nan da aka tare su. Jandarmomi sai da aka gama suka iso."

"Rai a hannun Allah yake, Hindu. Kuma ai ya warke."

Alhaji kansa ya yi shekaru bai bi hanyar ba. 'Ya'yansa maza suna jami'a a Ngaundere, babu wanda ya koyi mota babba.

Dawuda ya dubi makullin. Ya lalubi cikinsa yana neman abin nan da a da yake ƙulle masa hanji, wanda zai sa bakinsa ya iya ce wa yayansa a'a. Bai same shi ba. Ya san hanyar da haɗari, kamar yadda ya san sunayen ƙauyukanta. Ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Allah ya kai mu, Yaya."

*

Ranar Litinin da hantsi, bayan motar ta tashi, Hindu ta yafa mayafi ta tafi asibiti. Ta zauna a benci har aka kira ta.

"Dokta, maigidana ya koma hanyar Tuboro. Ni ma a ba ni ƙwayar nan."

Béatrice ta cire tabarau ta ajiye. 

"Madam, maganin na abin da ya riga ya faru ne."

Hindu ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta fito.

A gida ta ɗora girki, ta auna shinkafar mutum biyu bisa sabo. Sannan ta zauna a bakin murhu da waya a cinya. Tukunyar ta tafaso, ruwan ya zubo kan garwashi, ba ta tashi ba.